Dalilin da Ya Sa Moda Ke Ruɓewa In An Cika Mata Ruwa

Dalilin da ya sa moda take ruɓewa a hannun mai kula da ita, ta kuma yi ƙiba a hannun wanda ya manta da ita, shi zan gaya muku yau, in kun daina taɓa mini tukwanen fulawa kun zauna wuri guda. Kun san moda ai. Ita ce mai dogayen ganyen nan a miƙe kamar takubba, da zane-zane a jiki irin na fatar mesa, wadda ake girkewa a kusurwar falo ko a ƙofar ofis. A ƙauye ba a yi mata wannan gata. Ganyenta ake fasawa a cire zare a tufka igiya, maharba kuma su yi tsirkiyar baka.

In kun tambayi malaminku zai ce muku asalinta tsiron kan duwatsu ce, inda ruwa ba ya zama, don haka jikinta ya saba da fari. Bai yi ƙarya ba, amma rabin zancen ke nan. Ku tambaye shi wa ya kai ta kan dutsen, ku ga yadda zai soma duba agogo. Ni a aji biyar na bar makaranta, ranar da hedimasta ya ja durowarsa ya tarar da kwaɗi goma sha ɗaya suna kallonsa, har yau kuma ba a tabbatar da wanda ya zuba su ba. Amma shekara ashirin da biyu na yi ina sayar da fulawa a bakin titi, kuma duk garin nan ban ga mai digirin da ya kai ni sanin halin moda ba. To, ku saurara.

A can da, ruwa ba ya saukowa daga sama. Wata tsohuwa ce, Iya Raɓa, take ɗauko tulu da sassafe tana bi gida-gida tana shayar da kowa. Tsirrai duk a kwari guda suke zaune, in ban da Kariya, mai ƙaton gindin nan da jan fure. Ita ta yi faɗa da kusan kowa, saboda abin da ke cikinta shi ke bakinta, sai ta tattara ta koma kan dutse ita kaɗai.

Iya Raɓa ta san mutanenta. In ta sauke tulu a ƙofar gida ta ce ga ruwa, ta san za a ce mata an ƙoshi. Sai ta sake tayi, a ce don Allah kada ta wahalar da kanta. A na uku ne za a ce to tunda ta matsa, bari a ɗan jiƙa maƙoshi. Daga nan sai a kafa kai a shanye rabin tulu. Haka ake yi kullum, kuma ba wanda ya taɓa wuni da ƙishirwa.

A wannan fanni babu kamar Moda. Lokacin ganyenta faffaɗa ne, mai laushi, yana kwanciya a ƙasa kamar an shimfiɗa tabarma, kuma in dai shan ruwa ne, ko Ayaba sai dai ta sara mata. Amma ba a taɓa ganin ta karɓa a tayin farko ba, ko na biyu. Wata rana ma, in akwai baƙi a unguwa, sai ta kai Iya Raɓa har tayi na huɗu, tana kau da kai gefe kamar ganin tulun ma yana ba ta kunya. Da wannan take taƙama. In ana hira sai ta kawo zancen gidan da ta fito, ta ce su a wurinsu ba a san kwaɗayi ba.

Maƙwabcinta Gwaza ne, kuma taubashinta ne, ɗan gwaggonta, saboda haka duk abin da ya ga dama yana gaya mata, ba damar fushi. Shi Gwaza tun kafin tulu ya taɓa ƙasa ya riga ya buɗe baki. Moda takan ce shi ne abin kunyar dangi. Shi kuma yakan ce ya ji, amma a auna abin da kowa ke sha a ga wanda ya fi raunata tulun.

Ana nan, sai tsufa ya cim ma Iya Raɓa. Baya ya ƙi, wuya ya ƙi, ko gammo ta ɗora sai ta ji kamar dutsen niƙa. Ta aika can bakin teku aka kira mata ɗan ƙanwarta, wani ƙaton saurayi baƙi wuluk mai suna Hadari, ya zo ya karɓi aikin. Yaron kirki ne, ga ƙarfi, ga son a yabe shi. Aibinsa ɗaya, a inda ya tashi, in mutum ya ce i, to i yake nufi, in ya ce a'a, a'a yake nufi. Haka aka yi masa tarbiyya, ba laifinsa ba ne. Iya Raɓa ta koya masa hanyoyin unguwa, ta koya masa sunan kowa da na iyayensa, amma ta manta ba ta gaya masa maganar tayi uku ba. Ba ta ma san abin koyarwa ba ne. Ta ɗauka da shi ake haihuwar kowa.

Hadari ya tara jama'a ya yi musu bayani. Ya ce shi ba ya aiki da tulu. Daga sama zai riƙa kwararo ruwa gaba ɗaya, ruwan kuma gangarawa zai yi, saboda haka dole a sake tsarin zama: mai sha da yawa ya zauna a ƙasan kwari inda ruwa zai taru, mai sha kaɗan ya hau tudu, wanda bai damu da ruwa ba ya hau dutse. Ya ce zai tambayi kowa ɗaya bayan ɗaya. Da yake an gaya masa Moda ce mai mutuncin unguwa, da ita ya fara. Ya rusuna ya ce,

"Yaya Moda, ruwa nawa zan riƙa ajiye miki?"

Moda ta ga idon duniya a kanta. Irin ranar da take jira ke nan. Ta gyara zama, ta kau da kai, ta yi ƙasa da murya.

"Haba ƙanena, ni ai a ƙoshe nake. Ba wa masu bukata."

Sai ta tsaya jiran tayi na biyu.

Hadari ya miƙe, ya juya ga jama'a fuskarsa cike da mamaki. Ya ce tunda yake bai taɓa ganin mai wadatar zuci irin wannan baiwar Allah ba, kowa ya yi koyi da ita. Ya ce an ba ta falalen dutsen can na sama, kusa da Kariya, inda ko ɗigo ba zai tsaya ya dame ta ba. Daga nan ya wuce kan Ayaba.

Ku zo ku ga yadda kunya ke gudu. Ayaba, wadda jiya-jiya sai an yi mata tayi uku, tun bai rufe baki ba ta ce a cika mata, in da ƙari ma tana so. Rake ya ce shi a ajiye shi inda ƙafarsa ba za ta bushe ba. Kainuwa ta ce ita kada ma a wahala, a ɗora ta a kan ruwan kawai. Da aka zo kan Gwaza, sai ya ce shi ba shi da dogon buri, a ba shi wurin da 'yar kawunsa ta tashi, tunda ita ta ƙoshi.

Kafin a watse Hadari ya ƙara magana ɗaya. Ya ce kowace shekara, ranar ruwan farko, za a sake taruwa a nan. Duk wanda wurinsa bai yi masa ba, ya miƙe a gaban jama'a ya faɗa da bakinsa, nan take za a sauya masa. Kun ga ashe ƙofa a buɗe take. Abin da ke tsakanin Moda da gidanta na kwari bai wuce kalma uku ba: ina jin ƙishirwa. Sai dai a gaban jama'a za a faɗe su.

Gwaza ya raka ta har gindin dutse yana ɗauke mata da kaya, yana yi mata waƙa. Da za su rabu ya rage murya ya ce ta koma yanzu ta gaya wa yaron nan gaskiya tun mutane ba su yi nisa ba, shi zai tashi ya ba ta wurinta, wasa yake yi. Moda ta ce ba ta san abin da yake nufi ba. Ta ce dama ta daɗe tana sha'awar iskar sama.

Iskar sama kuwa ta same ta. Kafin azahar ta ranar farko gefen ganyenta ya soye. Dutse ya ɗau zafi kamar tanda, ga ganye a shimfiɗe a kai. Kariya tana gefe tana kallonta, ta ce mata in tana da hankali ta ɗaga ganyen nan daga ƙasa. Moda ta ce ai dama yanzu take shirin ɗagawa, don ta fi ganin gari da kyau. Ta tattara ganyen ta miƙar da su sama, ta matse su don rana ta sami ɗan wurin duka kaɗan. Tun daga ranar ba su sake kwanciya ba.

Da Hadari ya yi ruwansa na farko, Moda ta ga abin da bai taɓa zuwa mata a rai ba. Ruwa ya zubo kamar da bakin ƙwarya, ya daki dutse, ya wuce ta gabanta a guje ya gangara wurin Gwaza. Kafin ta gama kau da kai irin na al'ada, dutse ya bushe. Ba wanda ya ce mata ga shi, balle a sake faɗa. Daga ƙasa ta jiyo Gwaza yana kurɓa da ƙarfi da gangan.

A ruwa na biyu ba ta kau da kai ba. Ta lura cewa tunda ganyenta a tsaye suke, abin da ya sauka a kansu yana silalowa ta tsakiya har gindinta. Sai ta ɗan lanƙwasa kowane ganye kamar indararo. Ta duba hagu, ta duba dama, ta zuƙe. Amma ina za ta kai shi? In ta sha ta yi shar kamar Ayaba, za a gane. Sai ta riƙa tura ruwan cikin ganyen tana dannawa, yadda tsohuwa ke ƙulle goro a haɓar zani. Ganye suka soma kauri. Gwaza ya hango daga ƙasa ya ɗaga murya ya ce 'yar kawu ta yi ƙiba, ashe iska ma tana karɓar mutum. Moda ta ce kwanciyar hankali ce, abin da masu kwaɗayi ba su sani ba.

Damina ta wuce, rani ya shigo, nan ne ta gane kurenta. Wata bakwai ba ɗigo. Ta shafe jikinta da kaki don kada gumi ya fita a banza. Ta rufe bakinta ruf tun fitowar rana har faɗuwarta, don kada a ga tana haki, sai gari ya yi sanyi take buɗewa ta ja numfashi. In ƙishirwa ta taso mata sosai, sai ta zare zare daga jikinta ta ɗaure ciki tamau. Wata ya wuce, ta ƙara wani ɗaurin a sama da na farko. Zanen nan da kuke gani a jikinta layi-layi, wanda matan birni ke cewa ya yi kyau da labule, shatin igiyar yunwa ne.

'Ya'yanta ma ba ta yarda ta haife su a fili ba, kada su yi kukan ruwa a ji. Ta ƙarƙashin ƙasa take tura su, ta cikin tsagar dutse, sai sun yi wayo sun koyi rufe baki sannan su ɓullo a gefenta, a miƙe, shiru, kamar sojoji.

Akwai wadda ta san komai ba a gaya mata ba. Iya Raɓa, duk da ciwon baya, takan lallaɓo da asuba da ɗan ludayinta ta hau dutsen, wai ta zo gaisuwa. Ba ta taɓa cewa ga ruwa ba, don ta san in ta faɗa sai an yi uku, ita kuma ba ta da ƙarfin tsayuwa. Sai dai tana cikin gaisuwa hannunta ya yi rawa, ludayin ya tuntsure a kan ganyen Moda. Ta ce kash, tsufa. Moda ta ce ba komai Iya, Allah ya ƙara lafiya. Kullum haka, kuma ba wadda ta taɓa kallon idon 'yar'uwarta.

A kwari kuwa sunan Moda ya gama gari. Uwa in ɗanta ya cika ci sai ta ce ya dubi Moda. In baƙo ya zo, dutsen ake fara nuna masa. Da shekara ta zagayo aka taru ranar ruwan farko, Hadari ya tambaya ko akwai mai son sauyi. Sau ɗaya ya tambaya, kuma a dunƙule ya yi tambayar, bai kira sunan kowa ba. Moda ta tsaya tana jira ya ce Yaya Moda, ke fa? Bai ce ba. Aka watse.

Shekara ta biyu ta zo da niyyarta. Ta kwana uku tana gwada kalmomin a ranta. Da Hadari ya yi tambaya har ta buɗe baki, sai Ayaba ta miƙe ta ce kafin a ci gaba tana so jama'a su yi wa Moda jinjina, shekara biyu ba ta nemi ko kurɓi ba. Aka ɗau tafi. Moda ta mai da bakinta ta rufe, ta ɗan sunkuyar da kai irin na wadda yabo ya dame ta. Haka shekara ta uku, haka ta huɗu, har bakwai.

Kariya ce ta gaji. Shekara bakwai tana jin nishin maƙwabciyarta, ga shi in ta yi magana a ce iska ce. Ran nan Hadari zai wuce ta kan dutse sai ta tsai da shi, ta ce ya sauko tana da magana. Ta tambaye shi ko a garinsu ba a yi masa tayin abinci ne. Ya ce ana yi, in yana so ya ci, in ba ya so ya ce ba ya so. Kariya ta ce to nan ba haka ba ne. Ta zayyana masa komai: na farko a ce an ƙoshi, na biyu a ce kada ka wahala, na uku a karɓa. Ta ce matar nan da yake ta yabo ta fi kowa son ruwa a faɗin ƙasar nan, tayi na biyu kawai take jira tun ranar da ya zo.

Hadari ya dafe kai. Ya ƙara baƙi a kan baƙinsa. Ya ce yanzu shekara bakwai ya bar babbar yayarsa da ƙishirwa a kan dutse, yana kuma tara mutane suna tafa mata? Kariya ta ce ƙwarai. Ya zauna ya sa ta maimaita masa darasin har sau uku, yana ƙirgawa da yatsu. Da ya tashi tafiya sai ya juyo ya tambaye ta, to in mutum ya ƙoshi da gaske fa, yaya ake ganewa? Kariya ta ce wannan ai ana ganewa ne kawai. Ya ce to. Ni da ina wurin da na tsai da shi a nan, don daga jin wannan to ɗin kun san bai gane ba.

Bai jira ranar taro ba. Washegari ya sa aka yi shela, kowa ya hallara. Da kansa ya hau dutse ya sauko da Moda, ya ce wa Gwaza ya matsa. 'Ya'yanta bai ma lura da su ba, da yake ba sa magana, sai aka bar su can a tsagar dutse. Ya zaunar da ita a tsohon wurinta, a tsakiyar kwari inda ƙasa ta fi laushi, ya rusuna ya ce ga ruwa. Moda ta kau da kai ta ce a ƙoshe take. Ya ce don Allah ta taimaka ta sha. Ta ce kada ya wahalar da kansa. Ya ce ya roƙe ta don girman iyayenta. Moda ta ja dogon numfashi, ta dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, ta tsai da idonta a kan Gwaza.

"To, tunda ka matsa."

Ranar ta ci nasarar da ba a taɓa ci ba. Ta koma gidanta, ta sami ruwanta, kuma ba ta furta kalma ukun nan ba. Ta sha, ta sha, har sai da ta ji kunnenta na ƙara. Gwaza da kansa ya ce ya sallama.

Sai dai jikin da ta sauko da shi ba shi ne wanda ta hau da shi ba. Ganyen cike suke taf da ajiyar shekara bakwai, ba masaka tsinke. Kakin da ta shafa ya hana komai fita. Saiwoyinta sun zama gajeru, sun saba da tsagar dutse inda ruwa ke wucewa ya bar su su sha iska. Yanzu ga su cikin taɓo, dare da rana.

Da safe sai ga Hadari ya dawo, ya rusuna ya ce ga ruwa. Moda ta ce masa ta ƙoshi, kuma tun da uwarta ta haife ta ranar ce ta fara faɗin haka da gaske. Hadari ya yi murmushi irin na ɗalibin da aka yi wa tambayar da ya haddace. Ya sake tayi. Ta ce wallahi ta ƙoshi. Ya yi na uku, bai ma jira amsa ba ya kwarara. Jibi haka, gata haka. In ta ce ya isa, sai ya ce ya sani, ya ƙara. In ta yi shiru, sai ya ce kunya ce, ya ƙara. Yana son ya rama mata shekara bakwai a damina ɗaya.

A sati na uku gindinta ya soma laushi. Ganye ɗaya ya yi ruwan ɗorawa daga ƙasa, ya tanƙware, ya faɗi. Wani ɗan wari ya fara tashi. Gwaza, da yake shi ne a kusa, shi ya fara ji. Ya buɗe baki zai yi tsiya, sai ya dube ta da kyau, ya fasa. Ya ce mata abin nan ya wuce wasa, ta gaya wa yaron nan dalili. Ta ce wane dalili? Ya ce ta sani, shi ma ya sani, duk wanda ya ga kaurin ganyen nan ya san ba iska ce a ciki ba. Ta ce in ta faɗa, shekara bakwai ɗin nan sun tashi a banza ke nan. Gwaza ya ce in ba ta faɗa ba ma sun tashi, har da ita.

Ta yi kwana biyu tana juya maganar. Ganye biyu suka ƙara faɗuwa. A rana ta uku, da Hadari ya zo, jama'a kuma sun taru kamar yadda suka saba don su ga yadda ake tayi irin na manya, Moda ba ta kau da kai ba. Ta dube shi ido cikin ido.

"Ƙanena, tsaya ka ji. Ranar da ka fara tambayata ƙarya na yi maka, ƙishirwa nake ji. Shekara bakwai ɗin nan kuma ba haƙuri na yi ba, satar ruwanka nake yi ina ɓoyewa a ganye, Iya Raɓa tana ƙara mini da asuba. Cikina a cike yake. In ka sake zuba mini, mutuwa zan yi. Ka mai da ni kan dutse."

Abin da ta fi tsoro a duniya ta yi shi, a gaban kowa, da bakinta.

Hadari ya daɗe yana kallonta. Idonsa ya ciko. Ya juya ga jama'a ya ce su dai sun ji da kunnensu. Ya ce ya san ana cewa an ƙoshi, ya san ana cewa kada ka wahala, amma bai taɓa sanin akwai mai kawaicin da za ta kira kanta ɓarauniya don kawai ta rage wa ƙaninta aiki ba. Ayaba ta share hawaye ta ce irin gidan da Moda ta fito ke nan. Aka ɗau tafi, wanda ya fi na kowace shekara.

Gwaza ya yi ta ihu yana cewa gaskiya ta faɗa, a duba gindinta a gani. Aka yi dariya, aka ce taubashi dai ba ya girma, ko a irin wannan rana sai ya yi tsiya. Kariya tana can kan dutse ba ta san abin da ake ciki ba. Iya Raɓa kuwa da asuba take fitowa, kafin Hadari ya tashi ta koma.

Hadari ya sake rusunawa a gaban Moda, ya tambaye ta cikin ladabi,

"Yaya, wannan na farko ne ko na biyu? Na rikice a ƙirga."

Bai tsaya jin amsa ba. Ya ce to bari ya ɗauka na uku ne. Ya kwarara.

Kwana huɗu bayan nan ganye na ƙarshe ya faɗi. Da Gwaza ya taɓa shi sai ya tsinke daga gindi, lugub, kamar dafaffiyar kabewa. Hadari ya yi kuka kwana bakwai ba tsayawa, har kwari ya cika ya tumbatsa. Duk wanda ya zo yi masa ta'aziyya, sai Hadari ya ce masa shi ne mai laifi, ya makara. Ƙishirwar shekara bakwai ce ta riga ta cinye ta. Da ya san haka ne, da sau biyu zai riƙa zuba mata a rana.

'Ya'yan da aka manta a kan dutse su suka rayu. Gwaza ya aika musu da labarin yadda aka yi, bai rage komai ba. Suka yi shawara a tsakaninsu ta ƙarƙashin ƙasa, suka ga uwarsu ta yi ƙarya an yarda, ta faɗi gaskiya an tafa mata, saboda haka magana ba ta da amfani ga irinsu. Daga ranar ba moda da ta sake cewa uffan, ko a ba ta ko a hana ta.

Shi ya sa har yau, in ka ajiye moda a lungu ka yi tafiyar wata biyu, za ka dawo ka tarar da ita a miƙe, har ta turo 'ya'ya ta gefen tukunya, tana cin ajiyarta ba ta nemi kowa ba. In kuwa ka so ta da yawa, kana bin ta da buta safe da yamma, ba za ta ce maka ta ƙoshi ba. Sai dai ka ga ganye ya yi ɗorawa daga ƙasa ya kwanta. Mai hankali yakan tura yatsa cikin ƙasar tukunyar, in ya ji danshi ya ɗauke butarsa ya ba ta wuri. Amma masu hankali ba su da yawa. Shekaranjiya wani Alhaji ya tsaya da mota ya sauko mini da tukunya, moda ta narke a ciki sai wari, ransa a ɓace. Ya ce shi bai san me ya yi mata ba, da ya ga ta fara canza launi har ƙara mata ruwa ya yi, sau uku a rana, da hannunsa, bai yarda wani ya taɓa ba. Na ce Allah sarki, Alhaji, ai ka yi iyakar ƙoƙarinka. Na zaɓo masa wata mai kyau, na sa masa a bayan mota, ya ce wannan karon ba zai yi sakaci ba.

Sati uku na ba shi.